WACE MAKARANTA CE TA FI IYA ƘWALLO A ƘASAR DAURA?

Jama'a, ba tsokana nake yi ba, tambaya ce tsakani da Allah. A cikin manyan makarantun da muke da su yau a Daura, wacce ce ta fi iya ƙwallo? Na san kowa yana da amsa a bakinsa. Ɗan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya zai ce su ne. Ɗan Kwalejin Yusuf Bala Usman zai ce tun kafin a kafa waccan suke taka leda. 'Yan Jami'ar Sufuri za su ce a bari su gama zama a gani. 'Yan makarantar koyon kiwon lafiya ma ba za su yi shiru ba. To amma in na ce kowa ya kawo hujjarsa, wasa nawa kuka buga bana, da wa da wa, nawa kuka ci, nawa aka ci ku, a nan ne za ka ji an yi tsit.

Abin haushin shi ne mu mutane ne masu son lissafin ƙwallo. Yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare zai zayyano maka makin Arsenal da na Manchester City, ya gaya maka wanda ya ji rauni a Barcelona da ranar da zai dawo. Amma ƙungiyar makarantar da ke bayan gidansu, ko sunan mai tsaron ragarta bai sani ba. Laifinsa ne? Ina zai gani? Wa ya rubuta?

Abin da ya taso mini da wannan magana shi ne yadda nake bin ƙwallon jami'o'in Amurka a intanet. Kada wani ya ce na zo da tallan Turawa. Amurkawa ba su fi mu son ƙwallon ƙafa ba, ko kusa. A can wasan nan yana bayan wasanni da dama wajen farin jini. Amma akwai abin da suka yi wa ƙwallon makarantunsu wanda ya kamata mu tsaya mu duba, don babu wani siddabaru a ciki.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta fara gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta maza tun 1959. A babban rukuni akwai jami'o'i wajen ɗari biyu. Ana fara kakar wasa a ƙarshen Agusta, a yi ta bugawa har Nuwamba. Kowane mako masu horarwa suna kaɗa ƙuri'a a fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da suka fi ƙarfi. Ban da wannan akwai wani lissafi da suke kira RPI. Shi wannan, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake duba nasarorinka. Rabi yana duba ƙarfin waɗanda ka kara da su, sauran kashi ɗayan kuma ƙarfin waɗanda su ma suka kara da su. Ma'ana, in ka je ka yi ta lallasa raunana kana tara nasara, lissafin zai tona maka asiri. Daga nan sai a ɗauki ƙungiyoyi 48 zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale: zakarun shiyyoyi su shiga kai tsaye, kwamiti ya zaɓi sauran bisa abin da aka rubuta. Guda 16 na sama a ɗaga musu zagayen farko. Huɗun ƙarshe su haɗu a Disamba a fitar da gwani.

Shin jerin nan yana hana abin mamaki? Ina! A Disambar 2024 Jami'ar Vermont, wadda ba ta cikin 16 ɗin da aka fifita, ita ta ɗauke kofin. Ta doke Marshall da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci, kuma shi ne karonta na farko a tarihi. Amma ku lura: an san abin mamaki ne saboda akwai jerin da aka saɓa wa. Mu a nan ko ƙaramar makaranta ta kayar da babba, ba wanda zai iya cewa tarihi aka kafa, don babu tarihin da aka ajiye tun farko.

Abu na biyu shi ne koci. Jami'ar Indiana tana da kofi takwas. Shida daga ciki mutum ɗaya ne ya ciyo su, Jerry Yeagley, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1973 zuwa 2003. Shekara talatin mutum yana wuri ɗaya, ya san irin yaron da yake nema, ya san yadda zai raine shi daga shekarar farko zuwa ta huɗu. Ɗansa Todd ya zo daga baya ya ƙara musu kofi a 2012. Wannan shi ake kira gina gida.

Kuma kada ku ɗauka abin bai shafe mu ba. Tun shekarun 1970 wani koci mai suna I. M. Ibrahim yake ɗibar 'yan Najeriya zuwa Jami'ar Clemson, suna karatu suna buga ƙwallo. Jami'ar Howard ta ci kofin 1974 da 'yan Afirka da 'yan Karebiyan, ƙarƙashin Lincoln Phillips. Ga na kusa-kusa: Abu Danladi, yaron Takoradi ta ƙasar Gana, sunansa ma kamar ɗan unguwarmu. Ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya shiga Jami'ar UCLA, a 2017 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar Amurka, Minnesota United ta ɗauke shi. Ƙwallo ce ta kai shi aji, aji kuma ya kai shi babban fili.

To mu dawo gida. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen kafa abu. Gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, an fara ta a Ibadan tun 1966. Kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Waɗanda suka ci mana kofin Afirka na farko a 1980 ma akwai 'yan makaranta a cikinsu: Segun Odegbami injiniya ne daga Kwalejin Fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka lauya ne daga Jami'ar Legas. Ke nan karatu da ƙwallo sun taɓa zama gida ɗaya a ƙasar nan.

Matsalar ita ce gasanninmu biki ne. A taru a gari ɗaya na 'yan kwanaki, a yi fareti, a raba lambobi, a watse. An yi NUGA a Makurdi a 2017, ba a sake ba sai 2022 a Legas. Yaron da ya shiga jami'a bayan ta Makurdi da digirin shekara huɗu a gabansa, in da karatu ya tafi daidai, zai iya gamawa bai taɓa ganin NUGA ba. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wace ƙungiya ce za ta rayu a haka?

A 2018 an fito da HiFL, gasar ƙwallon manyan makarantu, kuma abin ya ba da sha'awa. Ƙungiyoyi suka samu sunaye kamar na ƙwararru: BUK Stallions, ABU Nobles, UDUS Sultans. Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ce ta ci na farko. A 2021 kuma 'yan Jami'ar Maiduguri, Desert Warriors, suka ɗauko kofin suka kawo Arewa. Ku tuna halin da Borno take ciki a shekarun nan. In har Maiduguri za ta iya haɗa ƙungiyar da za ta gagari jami'o'in ƙasar nan, mu mutanen Daura wane uzuri ya rage mana?

Bari in faɗi abin da na gani da idona, don ni ma na sa jesin makaranta. Ba zan kama suna ba, don abin bai tsaya ga makaranta ɗaya ba. Duk shekara ba a san da mu ba sai takardar gayyata ta iso. Sai a manna sanarwa saura mako biyu. Malamin da aka ɗora wa aikin yana da nasa darussan da nasa jarrabawar da zai maka, usur ɗin ma da kuɗinsa ya saya. Mu taru mu arba'in a kan ƙwallo biyu, ɗaya ma tana sacewa. A yi gudu, a yi gudu, kamar gudu ne zai koya wa mutum inda zai tsaya a fili. Ana saura kwana uku tafiya sai ka ga baƙin fuskoki sun bayyana, samari daga kulob ɗin cikin gari, an yi musu katin shaida cikin dare. Ɗalibin da ya sha rana mako biyu sai ya koma benci, ko a bar shi a gida. Akwai wani abokina, ɗan baya ne, duk wanda ya san shi ya san ba a wuce shi cikin sauƙi. Ranar tafiya ya zo da jakarsa har bakin mota aka ce babu wurinsa. Tun daga ranar bai sake sa takalmin ƙwallo ba. Kuma 'yan hayan da aka ɗauka wasa biyu suka buga aka koro mu gida. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar masara da taki da kuɗin makaranta, kai kana maganar tamaula? Na ji. Amma ku saurari abin da ke cikin tamaular.

Duk unguwar da ka shiga a Daura, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ko Zango, ko Ɓaure, bayan La'asar za ka tarar da fili cike da samari. A cikinsu akwai yaran da Allah Ya ba baiwa ta gaske. Yaro irin wannan yana kai shekara goma sha bakwai sai ya tsinci kansa a mararraba. Mahaifinsa na cewa ya bar shirme ya kama karatu. Zuciyarsa na cewa ga Ahmed Musa can, daga Kano Pillars ya tafi Turai. Babu wanda yake gaya masa akwai hanyar da zai riƙe duka biyun, domin a zahiri ba mu gina masa ita ba. Sai ya zaɓi ɗaya. In ya zaɓi karatu, baiwar ta mutu a ɗakin kwanan ɗalibai. In ya zaɓi ƙwallo, ga 'yan damfara nan masu kiran kansu ejan suna jira.

Na san gidan da aka sayar da gona saboda wani ya zo da takarda mai tambarin kulob ɗin waje, ya ce gwaji za a kai yaro. Kuɗi suka tafi, lambar wayar mutumin ta daina shiga. Yaron ya riga ya ajiye karatu, kunya ta hana shi komawa aji tare da ƙannensa. Yanzu yana nan, ba ƙwallon, ba takardar. Mu da muke bakin iyaka kuma mun san inda irin wannan takaici yake tura matashi. Hanyar Kwangwalam ba ta da nisa, daga can kuma Agadas ake dosa. Da a ce yaron nan yana cikin ƙungiyar makaranta da ke buga wasa kowane mako, sunansa na fita a jerin masu cin ƙwallo, kocinsa na da lambar mutanen Katsina United, da mai damfara bai same shi da arha haka ba. Ko ƙwallon ba ta karɓe shi ba, difilomarsa na hannunsa.

Shi ya sa nake cewa teburin gasa ya wuce abin ado. Shi ne shaidar yaro. Mai neman 'yan wasa ba zai taso daga Kano ko Kaduna saboda an ce masa "akwai wani yaro" ba. Amma in aka ce ga yaro ya ci ƙwallo tara a wasa goma, ga ranaku, ga hoton bidiyo a waya, wannan magana ce da ake iya tasowa dominta.

Ga shawarata, kuma na auna ta da aljihun talaka.

Na ɗaya, a fara daga gida. Makarantu huɗun nan na Daura su yi gasa a tsakaninsu, gida da waje. Wasa 12 ke nan gaba ɗaya, kowa ya buga shida. Mako shida an gama, ranar Asabar bayan La'asar. Ba kuɗin masauki, ba doguwar tafiya. Abin da ake buƙata alƙalan wasa masu rajista, ƙwallaye, ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa.

Na biyu, a rubuta komai. Kowane wasa a samu takarda ɗaya: sunayen 'yan wasa, lambar rajistarsu ta makaranta, wanda ya ci, minti nawa, wanda aka ba kati. Daren ranar a ɗora teburi a Facebook. Maki uku ga nasara, ɗaya ga canjaras, kamar yadda kowa ya sani. Muna da matasa a garin nan da suke kwana suna gardamar Messi da Ronaldo a waya. Biyu daga cikinsu sun isa su riƙe wannan aiki.

Na uku, ba ɗan haya. Kafin a fara, kowace makaranta ta miƙa sunaye da hotuna da sa hannun magatakarda, a buga su a fili kowa ya gani. A gari irin Daura ba a ɓoye mutum. In ka sako wanda ba ɗalibi ba, kafin a tafi hutun rabin lokaci 'yan kallo sun faɗi sunan kakansa. Wanda aka kama a kwashe masa maki. Kuma ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya huta sai ya gyara. A Amurka ma haka dokar take, sai makinka na aji ya kai kake sa jesi. Wannan sharaɗin ne zai sa uba ya saki jiki, don ya ga ƙwallon tana tura ɗansa aji.

Na huɗu, koci. A daina ɗora wa malami aikin a matsayin ƙarin kaya. Kowace makaranta ta ware mutum ɗaya, ta ba shi aƙalla shekara uku, ta tura shi kwas, ko a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko kwasa-kwasan da hukumar ƙwallo take shiryawa. Muna da tsofaffin 'yan wasa a garin nan da suke horar da yara a unguwanni kyauta shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce musu sannu. A jawo su. Kuma kada a auna koci da kofi kaɗai. A tambaye shi: yara nawa ka karɓa, nawa suka gama karatu, nawa suka wuce gaba? Manu Garba, ɗan Gombe, da ya ciyo mana kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013, ai da rainon yara ya yi suna.

Na biyar, in an ga abin ya zauna, sai a faɗaɗa. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Al-Qalam, Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Da namu huɗu sun zama goma. Kowane ɓangare ya yi nasa teburin, na sama su haɗu a sili-ɗaya-ƙwale, a yi wasan ƙarshe a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar kilomita tamanin ce ko kusa da haka, a je a dawo a yini. Daga nan ne za mu iya zama mu yi hasashe mai tushe, mu ce wance tana da damar zuwa wasan ƙarshe saboda ba a ci ta a gida ba, wance kuma bayanta na yoyo. Duk wadda za ta wakilce mu a NUGA ko NIPOGA ko NICEGA kuma za ta tafi da wasanni a ƙafarta.

Kuɗi fa? Ku duba abin da ake kashewa a gasar cin kofin 'yan siyasa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. A buga jesi da hoton mai gida, a yi wasa mako biyu, a raba babur, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Ban ce a daina ba, da babu gara ba daɗi. Amma kaɗan daga wannan kuɗin zai riƙe gasar makarantu shekara guda cur. Ga 'yan kasuwarmu, ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. In kuma Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya sa albarka aka ce kofin masarauta ne, aka daidaita wasan ƙarshen na gida da lokacin Sallar Gani da gari yake cika, wallahi ba na jin za a rasa mai ɗaukar nauyi.

Daura ta samu abin da garuruwa da yawa suke roƙo. Cikin 'yan shekaru an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a Disambar shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Gine-gine sun tashi, ɗalibai suna zuwa daga jihohi daban-daban. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya tafi, zamanin da ake kawo mana abu har gida ya wuce. Abin da za a zuba a cikin gine-ginen nan yanzu aikinmu ne. Makaranta kuwa ba ta cika makaranta da aji da allo kaɗai, sai da abin da zai sa ɗan Ɓaure da ɗan Inugu su rungume juna don ɗayansu ya zura ƙwallo a raga.

Ina da abokai a nan da suke koyarwa a waɗannan makarantu, akwai shugabannin ɗalibai, akwai masu horarwa na unguwa, akwai alƙalan wasa. Ku taimaka ku tura wa shugabannin sashen wasanni wannan rubutu. Mutum huɗu ne kawai ake so su zauna a ɗaki ɗaya su fitar da ranaku shida. Ni dai na ɗauki alkawarin riƙe teburin da ɗora shi a nan duk daren Asabar, ba ko sisi. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, ga fili nan a ƙasa, amma don Allah ban da zagi, kuma 'yan Chelsea a yi haƙuri, yau ba ranarku ba ce.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu dace.